Cunkoso a intanet: Wa ke zaɓar saƙon da zai fara wucewa?

A ranar Alhamis 14 ga watan Maris na 2024, miliyoyin jama'a a Afirka ta Yamma sun wayi gari intanet na tafiyar hawainiya.

Manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku da ke haɗa yankin da nahiyar Turai, wato WACS da ACE da MainOne da kuma SAT-3, su ne suka lalace a daura da gaɓar tekun Kodebuwa. Matsalar ta shafi ƙasashe fiye da 10, ciki har da Najeriya da Ghana da Nijar da Kamaru.

A Najeriya, bankuna da dama sun bai wa abokan hulɗarsu haƙuri, bayan da tura kuɗi ta wayar salula ya gagara ko kuma ya riƙa ɗaukar lokaci mai tsawo.

Sai dai intanet ɗin ba ta ɗauke gaba ɗaya ba. Kamfanonin sadarwa sun karkatar da bayanansu zuwa sauran wayoyin da suka tsira, kamar Equiano ta kamfanin Google, wadda ta iso Legas a 2022. Abin da ya biyo baya shi ne kaya sun fi ƙarfin hanyar da ta rage.

A irin wannan hali, tilas ne wani saƙo ya wuce, wani ya jira, wani kuma a zubar da shi. Ko kuɗin da ɗan kasuwa ya tura ne za su fara isa, ko kuwa bidiyon da wani ke kallo? Injiniyoyi sun shafe sama da shekaru 40 suna neman amsar wannan tambaya, kuma hukumomi da kotuna sun shigo cikin batun.

Yadda saƙo ke tafiya

Intanet tarin dubban hanyoyin sadarwa ne na kamfanoni da jami'o'i da gwamnatoci, waɗanda suka amince su riƙa miƙa wa juna bayanai. Babu wata cibiya guda da ke ba da umarni ga kowa.

Duk abin da aka tura, walau hoto ko wasiƙa ko murya, ana daddatsa shi zuwa ƙananan gutsattsari da ake kira ƙunshi. Galibi ƙunshi ɗaya ba ya wuce bayit 1,500, saboda haka hoto mai nauyin megabayit 3 yakan zama ƙunshi kimanin 2,000.

Kowane ƙunshi na ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. A hanya yakan ratsa ta na'urorin raba hanya, waɗanda ake kira rauta, kuma aikin kowace rauta shi ne ta duba adireshin sannan ta miƙa ƙunshin ga ta gaba.

Idan ƙunshi ya iso ya tarar wayar fita na ɗauke da wani, sai ya shiga layi a wata ma'ajiya da ke cikin rautar, wadda za a iya kwatantawa da zauren jira. Idan zauren ya cika, duk wanda ya iso daga baya zubar da shi ake yi, ba tare da an sanar da mai shi ba.

Cike wannan giɓi aikin wata ƙa'ida ce mai suna TCP, wadda ta samo asali daga aikin da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa a 1974, kuma hanyar sadarwa ta ARPANET a Amurka ta koma kanta a ranar 1 ga watan Janairun 1983.

A ƙarƙashin TCP, kwamfutar da ta karɓi ƙunshi takan mayar da shaidar isa. Wadda ta tura kuwa tana riƙe da agogo, kuma idan lokaci ya ƙure shaidar ba ta zo ba, sai ta ɗauka ƙunshin ya ɓata ta sake tura shi.

Lissafin layi

Nazarin layi ya girmi kwamfuta. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark mai suna Agner Krarup Erlang, wanda ke aiki da kamfanin tarho na birnin Copenhagen, shi ne ya aza harsashin wannan fanni a 1909. A farkon shekarun 1960 kuma Leonard Kleinrock ya yi amfani da irin wannan lissafi a kan hanyoyin sadarwar kwamfuta.

Babban darasin da lissafin ya koyar shi ne jinkiri ba ya ƙaruwa daidai wa daida da yawan kaya.

A misali mafi sauƙi, inda saƙonni ke isowa ba bisa wani tsari ba, hanyar da ake amfani da rabin ƙarfinta takan riƙe saƙo ninki biyu na lokacin da zai ɗauka in da babu kowa. Idan amfani ya kai kashi 90 cikin 100, lokacin yakan zama ninki 10. Idan ya kai kashi 99 cikin 100, sai ya zama ninki 100.

Wannan ne ya sa hanyar da ke aiki lafiya lau da hantsi kan iya tsayawa cik da daddare, alhali kayan da suka ƙaru ba su taka kara sun karya ba. Idan kuma abin da ke shigowa ya zarce abin da ke fita, layin ba zai daina tsawo ba har sai wani ya janye.

Abin da ya faru a 1986

A watan Oktoban 1986 intanet ta gamu da wani babban cikas a ƙuruciyarta. Tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wuraren da tazararsu ba ta kai mita 400 ba, saurin bayanai ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal.

Wato dai hanyar ta koma isar da kashi ɗaya cikin 800 na abin da ta saba, duk da cewa babu wayar da ta tsinke kuma babu na'urar da ta ƙone.

Van Jacobson na cibiyar Lawrence Berkeley da Michael Karels na jami'ar ne suka bi diddigin lamarin. Sun gano cewa kwamfutoci na antayo bayanai da dukkan ƙarfinsu tun daga farkon hulɗa, ba tare da la'akari da halin da hanya ke ciki ba.

Da layi ya yi tsawo sai shaidar isa ta makara. Da ta makara sai masu turawa su ɗauka kayansu sun ɓata, su sake turo kwafi, alhali na farkon na nan a layi. Kwafin kuma ya ƙara wa layin tsawo, wanda ya haddasa turo wasu kwafin.

Daga ƙarshe wayoyin sun kasance cike maƙil, amma akasarin abin da suke ɗauke da shi maimaici ne. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Tun a watan Janairun 1984 wani injiniya na kamfanin Ford Aerospace, John Nagle, ya yi gargaɗin cewa hakan na iya faruwa. A ƙarshen 1985 kuma ya nuna cewa ko da za a bai wa rauta zauren jira marar iyaka, matsalar ba za ta kau ba, domin ƙunshi zai daɗe a layi har wa'adinsa ya ƙare kafin ya fita.

Maganin da aka samo

Maganin da Jacobson ya gabatar a 1988 bai buƙaci sabuwar waya ko sabuwar hukuma ba. Ya sauya ɗabi'ar kwamfutar da ke turawa ne, ta yadda za ta riƙa auna hanya da kanta.

Mataki na farko shi ne farawa sannu a hankali. Kwamfuta za ta tura ƙunshi ɗaya, in shaida ta dawo ta tura biyu, sannan huɗu, sannan takwas, har sai ta ga alamar hanya ta cika. A yau yawancin kwamfutoci da ƙunshi 10 suke farawa, amma tsarin ninkawar na nan.

Mataki na biyu shi ne ɗaukar ɓatan ƙunshi a matsayin alamar cunkoso. Idan ƙunshi ya ɓata, sai mai turawa ya mayar da rabin saurin da ya kai a matsayin sabon mizani, daga nan kuma ya riƙa ƙara ƙunshi ɗaya tak a kowane zagaye.

Mataki na uku ya shafi agogo. An inganta yadda ake ƙiyasta lokacin jiran shaida, kuma duk sa'ad da aka sake turawa ba a dace ba, sai a ninka lokacin jira kafin gwaji na gaba.

A 1989 wasu masana biyu, Dah-Ming Chiu da Raj Jain, sun nuna ta hanyar lissafi cewa ƙari kaɗan-kaɗan da ragi da yawa na kai masu amfani da hanya ɗaya ga rabo daidai. Dalili kuwa shi ne idan kowa ya rage rabi, mai babban kaso ne ya fi yin asara, amma wajen ƙari kowa abu ɗaya yake samu. A kwana a tashi sai tazarar da ke tsakaninsu ta rufe.

An saka waɗannan gyare-gyare cikin manhajar BSD Unix ta Berkeley, wadda jami'o'i da kamfanoni da dama ke amfani da ita, kuma daga nan suka bazu.

Sai dai tsarin na da rauni guda. Ya dogara ne kan kowa ya bi doka don raɗin kansa, kuma wanda ya ƙi ragewa shi ne zai cinye gurbin da masu biyayya suka bari.

Wa zai fara fita daga layi?

Wannan rauni ne ya mayar da hankalin masana ga ita kanta rautar. Tsarin asali shi ne layi ɗaya, wanda ya riga zuwa shi zai riga fita. A irin wannan layi, mai sauke babban fim na iya cika zauren, ya bar mai ɗan gajeren saƙo a baya.

Nagle ya ba da shawarar a bai wa kowane mai turawa layinsa, sannan rauta ta riƙa zagayawa tana ɗaukar ƙunshi ɗaya daga kowane layi. Ta haka wanda ya antayo kaya fiye da kima nasa layin kaɗai zai tsawaita.

A 1989 Alan Demers da Srinivasan Keshav da Scott Shenker sun inganta dabarar, ta yadda za a riƙa la'akari da girman ƙunshi, kuma a iya bai wa wani layi kaso mafi tsoka idan akwai dalili.

Dalili kuwa akwai shi, domin buƙatun saƙonni sun bambanta. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce milisakan 150, inda milisakan ke nufin kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Ƙunshin muryar da ya makara ba shi da sauran amfani, alhali wasiƙar imel ba ta rasa komai idan ta jira daƙiƙa biyar.

Saboda haka a 1998 aka fito da ƙa'idar sanya wa kowane ƙunshi alamar ajinsa, domin rauta ta san wanda za ta gabatar. Kamfanoni na amfani da wannan alama a cikin hanyoyinsu, amma ba kasafai ake mutunta ta ba idan ƙunshi ya tsallaka zuwa hanyar wani kamfani, tun da kowa na iya rubuta wa kayansa cewa na gaggawa ne.

Akwai kuma tambayar wanda za a zubar. A 1993 Sally Floyd da Van Jacobson sun ba da shawarar kada rauta ta jira sai zaure ya cika. Da zarar layi ya fara tsawo, sai ta zaɓi wasu ƙunshe-ƙunshe ƙalilan ta zubar, domin masu su su rage gudu tun da wuri, maimakon kowa ya yi asara a lokaci guda sannan kowa ya dawo a lokaci guda.

Daga baya, a 2001, an amince da wata ƙa'ida da ke ba rauta damar sanya wa ƙunshi alamar cunkoso maimakon zubar da shi.

Lokacin da zaure ya yi girma

Da farashin ma'ajiyar kwamfuta ya faɗi, masu ƙera na'urori sun riƙa faɗaɗa zauren jira, bisa tunanin cewa hana zubar da ƙunshi alheri ne.

A 2010 wani injiniya Ba'amurke, Jim Gettys, ya lura cewa intanet ɗin gidansa na yin nauyi matuƙa duk lokacin da yake tura babban fayil. Binciken da ya yi ya nuna cewa ƙunshe-ƙunshe na shafe sama da daƙiƙa guda a cikin layi.

Dalilin a fili yake. TCP na jiran ɓatan ƙunshi ne kafin ta rage gudu, babban zaure kuma na ɓoye wannan alama. Don haka mai turawa na ci gaba da ƙari har sai zauren ya cika, kuma duk wani saƙo da ya zo tilas ya bi bayan wannan dogon layi.

A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson sun fito da dabarar CoDel, wadda ke auna tsawon lokacin da ƙunshi ya yi a layi maimakon ƙirga yawan waɗanda ke ciki. Idan jira ya ƙi sauka ƙasa da milisakan 5 har tsawon milisakan 100, sai a fara zubarwa. A shekarar ce kuma aka haɗa dabarar da tsarin layin kowa daban a cikin manhajar Linux.

A ɓangaren masu turawa ma an samu sauyi. Tun 2006 Linux ta koma amfani da wata dabara mai suna CUBIC, wadda ta fi dacewa da hanyoyi masu sauri da nisa.

A 2016 kuma injiniyoyin Google, ciki har da Jacobson, sun gabatar da BBR, wadda ke ƙiyasta faɗin hanya da tsawon zagaye kai tsaye, ba tare da jiran asara ba. Kamfanin ya ce dabarar ta ƙara saurin YouTube da kashi 4 cikin 100 a duniya baki ɗaya, da kuma sama da kashi 14 cikin 100 a wasu ƙasashe.

Kusantar da kaya ga mai buƙata

Wata hanyar rage cunkoso ita ce hana kaya yin doguwar tafiya tun farko.

A 1998 wani malamin lissafi a cibiyar MIT ta Amurka, Tom Leighton, da ɗalibinsa Daniel Lewin sun kafa kamfanin Akamai. Dabararsu ita ce ajiye kwafin shafuka a dubban kwamfutoci a sassan duniya, sannan a tura kowane mai buƙata zuwa wadda ta fi kusa da shi kuma ba ta cika ba.

Ranar 11 ga watan Satumban 2001 ta nuna muhimmancin hakan, lokacin da jama'a suka yi wa shafukan labarai rubdugu, har CNN ta cire kusan komai daga shafinta na farko in ban da muhimman bayanai. Lewin kansa na cikin jirgin farko da aka kai hari da shi a birnin New York a wannan rana.

Kamfanin Netflix ya bi irin wannan hanya daga 2012, inda yake ajiye na'urorinsa a cikin cibiyoyin kamfanonin sadarwa, yana kuma cika su da sabbin fina-finai a sa'o'in da jama'a ba su cika amfani da intanet ba.

Shi ma bidiyo ana yanka shi ne zuwa gutsattsari na 'yan daƙiƙoƙi, kowanne da kwafi mai inganci daban-daban. Wayar mai kallo ce ke zaɓar wanda hanya za ta iya ɗauka a wannan lokaci, abin da ya sa hoto kan dusashe sannan ya washe ba tare da ya tsaya ba.

A tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001, masu saukewa ne ke rarraba wa juna gutsattsarin fayil. Kowace kwamfuta takan fara neman gutsuren da ya fi ƙaranci a tsakanin abokan hulɗarta, don kada ya ɓace idan mai shi ya tafi.

Haka zalika takan fifita waɗanda suka fi ba ta, amma a duk daƙiƙa 30 takan buɗe ƙofa ga wani daban, domin sabon shiga da ba shi da komai ya samu abin farawa.

Gwajin 2020

Annobar korona ta zama zakaran gwajin dafi ga dukkan waɗannan dabaru. A watan Maris na 2020, yayin da makarantu da ofisoshi ke komawa gida, cibiyar musayar bayanai ta DE-CIX da ke Frankfurt a Jamus ta ga bayanai sun haura terabit 9 a daƙiƙa, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba kafin lokacin.

Kwamishinan Tarayyar Turai mai kula da kasuwar cikin gida a wancan lokaci, Thierry Breton, ya tattauna da shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings. Daga nan kamfanin ya sanar da rage nauyin bidiyonsa a Turai na tsawon kwanaki 30, matakin da ya ce zai rage kayansa a hanyoyin nahiyar da kusan kashi 25 cikin 100.

YouTube ya bi sahu ta hanyar mayar da matsakaicin inganci a matsayin zaɓin farko, yayin da Sony ya rage saurin sauke wasannin PlayStation.

Intanet ba ta durƙushe ba kamar a 1986. Amma lamarin ya nuna cewa idan tura ta kai bango, 'yan siyasa da shugabannin kamfanoni ma kan shiga cikin tsara abin da zai jira.

A kan hasumiyar waya

Ga mafi yawan masu amfani da intanet a Afirka, wurin da aka fi samun cunkoso shi ne tsakanin wayar hannu da hasumiyar kamfanin sadarwa, domin duk waɗanda ke yankin zangon iska ɗaya suke rabawa.

A tsarin 4G, hasumiya na yanke shawarar wayoyin da za ta bai wa dama sau ɗaya a kowane milisakan, wato sau 1,000 a daƙiƙa.

In da za ta riƙa fifita wanda siginarsa ta fi ƙarfi, jimillar bayanan da za ta isar za ta yi yawa, amma na nesa ba zai samu komai ba. In kuma ta dage sai kowa ya samu adadi ɗaya, masu raunin sigina za su cinye mafi yawan lokacin.

Tsakiyar da aka fi bi ta samo tushe ne daga aikin da Frank Kelly na Jami'ar Cambridge ya wallafa a 1997. Hasumiya na kwatanta abin da waya za ta iya karɓa a yanzu da matsakaicin abin da ta samu a baya-bayan nan, sannan ta bai wa wadda kasonta ya fi girma. Wanda aka daɗe ba a kula shi ba, matsakaicinsa zai faɗi, don haka zai hau gaba.

Wannan ne ya sa waya kan nuna cikakkiyar sigina a filin wasa ko babbar kasuwa, amma shafi ya ƙi buɗewa. Siginar na nan, masu rabon ne suka yi yawa.

Adalci ko son rai?

Ikon gabatar da wani saƙo iko ne kuma na jinkirta wani, kuma a nan ne batun ya tashi daga hannun injiniyoyi zuwa na lauyoyi.

A 2007 kamfanin dillancin labarai na AP ya tabbatar da cewa kamfanin Comcast na Amurka na katse hulɗar masu amfani da BitTorrent. Hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta yanke hukunci a kan kamfanin a 2008, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2010 hukumar ba ta da hurumin yin hakan.

Comcast ya sauya zuwa tsarin da ba ya duba irin saƙo. A tsarin na wancan lokaci, idan wani yanki ya cunkushe, wanda ya yi minti 15 yana amfani da kashi 70 cikin 100 ko fiye na saurin da ya saya, sai a mayar da kayansa baya na ɗan lokaci.

Muhawarar ta ginu ne kan aƙidar rashin nuna bambanci tsakanin saƙonni, wadda malamin shari'a Tim Wu ya raɗa wa suna a 2003. Masu goyon baya na cewa idan aka bari ana sayen gaban layi, ƙananan kamfanoni da kafofin labarai marasa ƙarfi ne za su kwana ciki. Kamfanonin sadarwa kuma na cewa su ke kashe kuɗin shimfiɗa hanya, don haka suna buƙatar 'yancin tafiyar da ita.

A Amurka an kafa dokokin a 2015, aka soke su a 2017, aka dawo da su a 2024, sannan wata kotun tarayya ta rushe su a watan Janairun 2025.

Tarayyar Turai kuwa ta kafa tata dokar a 2015. Dokar ta yarda a ɗauki matakin rage cunkoso na wucin gadi, da sharaɗin a yi wa saƙonni masu aji ɗaya hukunci iri ɗaya.

Darasin Afirka ta Yamma

Gyaran wayoyin da suka lalace a 2024 ya ɗauki makonni, domin jiragen ruwan da ke irin wannan aiki ƙalilan ne kuma daga nesa suke tasowa. Lamarin ya zo ne makonni kaɗan bayan lalacewar wasu wayoyin a Bahar Maliya, abin da ya ƙara takura hanyoyin da za a iya karkatawa.

Ƙasashen da ba su da gaɓar teku, irin su Nijar da Burkina Faso, sun dogara ne da wayoyin da ke ratsowa ta maƙwabtansu, don haka duk abin da ya samu na bakin teku yakan iso gare su.

Dabarun tsara layi na iya hana rushewa, su kuma raba ƙarancin da adalci, amma ba sa ƙara wa waya faɗi. Abin da ke rage nauyi a kan wayoyin teku shi ne yawaita su, da kuma riƙe bayanan cikin gida a cikin gida.

Wannan ne aikin cibiyoyin musayar bayanai, kamar IXPN da aka kafa a Legas a 2006, wadda daga baya ta buɗe rassa a birane irin su Abuja da Fatakwal da Kano. Idan kamfanoni biyu suka haɗu a irin wannan cibiya, saƙon da ya tashi daga Kano zuwa Kaduna ba ya buƙatar zuwa Landan kafin ya dawo.

Amma cibiyar musaya na amfani ne kawai idan bayanan da ake nema na cikin ƙasar. Muddin banki ko ma'aikata na ajiye bayananta a kwamfutocin da ke Turai, to saƙonta zai ci gaba da bin layi ɗaya da na masu kallon bidiyo a duk ranar da wata wayar ta sake tsinkewa.